Furen da Na Dasa a Bayan Ɗakin Gwaggo

A wajen dangin mahaifiyata, can 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, yara suna ce masa lemun kwaɗi. Ban san dalili ba, don bai yi kama da lemo ta ko'ina ba. Ɗan fure ne na kurmi. Idan ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa sosai, sai ka gan shi ya ɓullo a inuwa, kwance a kan ƙasa, ba kara ba ganye, kamar wani ne ya yar da shi yana wucewa. Launinsa irin na furen wake ne amma ya fi shi turuwa, da ɗigon rawaya a tsakiya, ga laushi, in ka matsa shi da yatsa sai wurin ya yi baƙi. Da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi ya kwanta, gobe wani ya fito kusa da shi. Sai furannin sun ƙare sannan ganye ke tsirowa, dogaye kamar na ƙaramar dawa.

Shi na haƙo na kai gidan Gwaggo a farkon daminar da ta wuce, kuma har yau ban gama dawowa daidai ba.

Da na gama makarantar 'yan mata ta kwana, aka ba ni koyarwa a elementare ta Bungudu. Baba bai so ba. A ganinsa budurwa ba ta zama a garin da ba iyayenta, ko da kuwa hukumar En'e ce ta tura ta. Abin da ya sa ya sassauta shi ne yayarsa, Gwaggo, tana zaune a garin tun rasuwar mijinta. Ya ce in tafi, amma a gidanta zan zauna, kuma duk ranar da ta ce ta gaji da ni, a ranar zan ajiye alli in hau mota in komo Gusau, ba kuma za a sake maganar aiki ba. A gabanta ya faɗa, don ta san wuƙa da nama suna hannunta. Ni kuwa babu abin da nake so a duniya kamar ajin nan nawa.

Mu uku ne a gidan. Ni, da Gwaggo, da matar ɗanta, wadda ke da cikin fari. Shi ɗan yana aiki a injin auduga a Gusau, sai jefi-jefi yake leƙowa. Da farko mun shaƙu da matar tasa. Malama Ƙarama take ce mini, tana tsokanata wai ina riƙe muciya kamar alƙalami. A akushi ɗaya muke cin tuwo. A bayan ɗakin Gwaggo akwai ɗan lambu, kuɓewa da yakuwa da barkono, da zogale guda a jikin danga, awakinta kuma suna ɗaure can gefe.

Wani bikin suna ne ya kai ni 'Yankuzo. Washegarin sunan na bi mata zuwa rafi, muka ratsa ta ƙarƙashin wasu manyan itatuwan kanya, sai ga furen nan birjik a cikin ruɓaɓɓen ganye. Rabona da ganinsa tun ina ƙarama. Na tuna wata Baturiya da ta koyar da mu, wadda ta jera furanni a gwangwanaye a barandarta tana sa mu ba su ruwa. Na ce a raina ga namu nan ya fi nata kyau, ba wanda ya kula shi. Na ari wuƙar wata ƙanwar mahaifiyata na haƙo gindi ɗaya mai ƙunshe da furannin da ba su buɗe ba, har da baƙar ƙasar da yake ciki, na naɗe a ganye na ɗaure a tsohon ɗankwali. A cinyata ya yi tafiyar mota har Bungudu.

Na san rana ba ta yi masa, don haka na zaɓi lungun da ke tsakanin bangon ɗaki da zogale, inda inuwa ke wuni kuma ruwan indararo ba ya dukan wurin. Ban sa taki ba, na ji tsoron kashin awaki ya ƙone shi, ƙasar kurmin kawai na zuba. Saboda kaji, na ɗauko wuyan wani fasasshen tulu na kifa a kai ya kewaye shi, na kuma jingina 'yar ƙaya saboda awaki. Ina cikin wanke hannu Gwaggo ta zagayo.

Ta tambaye ni ko ana cinsa. Na ce a'a. Ta ce magani ne? Na ce a'a.

"To mi za a yi da shi?"

"Kallo, Gwaggo. Kyau gare shi."

Ta dubi wuyan tulun, ta dubi ƙayar, ta dube ni. Ta ce to, ta koma. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina ba ko na taɓa ganin wani a gidajenmu ya dasa abin da ba a ci, ba a sha, ba a rini da shi.

Ya kama. Bayan 'yan kwanaki fure na farko ya buɗe a tsakiyar wuyan tulun, shi kaɗai a kan baƙar ƙasa. Na kira matar ɗan Gwaggo ta zo ta gani. Ta tsaya daga nesa, hannunta a kan cikinta, ta ce ina ganyensa? Na ce sai daga baya. Da la'asar ta sake leƙawa ta ga babu shi, ta tambaye ni ina ya tafi. Na yi dariya na ce gobe zai dawo. Da na san yadda maganar za ta zauna a kunnenta da ban faɗe ta haka ba.

Kullum kafin in tafi makaranta nakan tsuguna a gabansa in ba shi ruwa, in cire ciyawa, in daɗe ina kallo. Wani lokaci ina bitar darasin ranar a hankali, bakina yana motsi.

Abubuwa suka fara canzawa a gidan, kaɗan-kaɗan, yadda ba ka iya nuna ɗaya ka ce ga shi. Aka mai da turken awaki can ƙofar gida, wai wurin ya yi laka. Matar ɗan Gwaggo ta daina shanya a bayan ɗaki. Ta ce tuwo yana tayar mata da zuciya in tana kallon wani yana ci, aka ware mini nawa akushin. Sunan Malama Ƙarama ya ɓace, sai Malama kawai, kamar yadda iyayen yara ke ce mini a hanya. In na shigo suna hira sai hirar ta koma kan tsadar gishiri.

Furanni suka ƙare, ganye ya fito kore shar. Wata safiya na tarar da wani fari-fari ya bushe a kan ƙasar, tururuwa sun yi layi suna hawa wuyan tulun. Na ɗauka kashin tsuntsu ne, na kankare. Washegari ga shi kuma. Na dangwala na sansana. Nono ne, mai tsami.

Na fara zargin mai nono, don ita ce ke da nono. Wata Bafillatana ce dattijuwa daga rugagen da ke hayin gulbi, takan shigo gidan kusan kullum. Ranar da ba makaranta na tare ta a zaure, ban ma san yadda zan fara ba, sai ita ta sauke ƙwaryarta ta riga ni. Ta rage murya tana murmushi.

"Malama, naki na mi ne? Na shanu ko na miji?"

Na ce mata ban gane ba. Ta ce haba, ita da ke shiga kowane gida a unguwar nan za a ɓoye wa? In dai na shanu ne in taimaka in ɓallo mata ɗan ƙarami, nasu ya mutu da rani, tun daga nan saniyarsu ba ta cika ƙwarya ba. In kuma na miji ne in riƙe abina, ita ta tsufa. Sannan ta ambaci sunan, gadali.

Na san gadali a labari, kamar kowa. Wata irin albasar daji ce da ake dasawa a ɓoye a bayan ɗaki, a kewaye ta, mai ita ya riƙa tsugunawa yana yi mata magana, yana ba ta nono, wasu ma an ce jini. Ita kuma ta riƙa jawo masa abin da yake so daga hannun mutane. Na tuna lungun da na zaɓa, da wuyan tulun, da ƙayar, da tsugunnona na kowace safiya. Da gangan ma aka ce in kwaikwayi mai gadali ba zan yi fiye da haka ba.

Na rantse mata fure ne kawai. Ta ce to, to, Allah ya ba da sa'a, irin amsar da ake ba yaro. Na tambaye ta ko ita ke zuba masa nono. Ta ce ita da wane ƙarfin hali za ta ciyar da na wani? Tana ɗaura gammo ta ƙara da cewa ai ta lura, gidan nan yanzu ludayin da ake karɓa ya ƙaru.

Daga nan zargina ya koma kan matar ɗan Gwaggo. Ita ce mai kwaɗayin fura da nono tun da cikin ya tsufa, ita ce ke wuni a gida. Na ce ko dai so take ta kashe shi, don nonon ya fara yi masa illa, gefen ganyen ya soma rawaya, ƙasar tana wari. Ko kuma so take a gani a ce ni ke zubawa. Na shiga lura da ita. Ina ƙirga fitarta bayan gida a raina, ina duban ƙwaryarta in ta ajiye. Ita ma tana lura da ni, don duk sanda na ɗago sai mu haɗa ido, ta kau da kai. Har maƙwabta na zarga, saboda akwai wani wuri a dangar da ya ɓalle, mace mara jiki za ta iya ratsowa. A aji, in wata yarinya ta ƙura mini ido sai in ce an faɗa a gidansu. Wata uwa ta aiko a ce 'yarta ba ta da lafiya, na gan ta kuma da tallan gyaɗa a bakin kasuwa, na kwana ina juya abin.

Mutum ɗaya ce ban zarga ba, kuma ita nake ɓoye wa. Gwaggo mace ce mai yawan salla da carbi. Na tabbata ranar da kalmar gadali ta shiga kunnenta, ranar zan bar Bungudu. Don haka kowace safiya nakan yi sauri in kankare nonon, in haƙa rami in binne, in kawo sabuwar ƙasa, ina waige-waige. Yanzu na san yadda wannan ma ya kasance a idon mai leƙe.

Na yi tunanin in tumɓuke shi in huta. Amma na ga in na cire shi daidai lokacin da magana ta fita, kamar na amsa ke nan. Kuma ina son in san ko wane ne. Kuma, gaskiya, ina son abina. Sabon ganye yana fitowa a nannaɗe kamar tabarma, ya warware a hankali, ban iya sa masa hannu ba.

Wata rana hadari ya haɗo tun da hantsi, baƙi ƙirin daga gabas, babban malami ya sallami yara don waɗanda ke tsallaka rafi. Na dawo gida lokacin da ba a saba ganina ba. Iska tana kaɗa ƙofar zaure, ba wanda ya ji shigowata. Matar ɗan Gwaggo tana kwance a ɗakinta, na ga ƙafafunta ta ƙofa. Na zagaya bayan ɗaki don in janye ƙayar kada iska ta kayar da ita a kan ganyen.

Gwaggo ce. Tana durƙushe nesa da wuyan tulun gwargwadon yadda hannunta zai kai, ta miƙa ludayi, ta kau da fuska gefe kamar mai zuba ruwa a wuta. Bakinta yana ta addu'ar neman tsari. Rabin nonon a gefe yake zuba.

Na ce, "Gwaggo."

Ludayin ya faɗi. Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ba ta ji kunya ba ko kaɗan, fushi ne a fuskarta, da wani abu da ban taɓa gani a idon babba yana dubana ba. Tsorona take ji.

"Kin kawo shi kin bar shi da yunwa," in ji ta. "Ina kallonki, ruwa kaɗai kike ba shi. Na ba shi kuma ki bi ki kwashe. Ga yarinya da ciki cikin gida. In bai samu ba, wurin wa zai nema?"

Na fara rantsuwa, na kawo sunan da yara ke kiransa, na ce ta aika 'Yankuzo ta tambaya, kowa ya san shi, a kurmi yake fitowa ba mai shi. Ta ce na kurmi daban, wanda aka ɗauko aka yi wa ɗaki daban. Ta ce ita ta haihu ta aurar, ba ta taɓa ganin abin da ke fure ba ganye ba, ya tafi da la'asar ya komo da safe, kuma da bakina na ce zai komo. Ta ce ba ta ce ni muguwa ce ba, ta san a makarantar nan ana ba mutum abu bai san abin da aka ba shi ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don a ganinta sassauci take yi mini.

Na ce bari in tumɓuke shi yanzu a gabanta in jefa a gulbi. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi. Ba a yar da shi, in ji ta, ba a ƙone shi. Wanda ya ɗauko shi ne zai mai da shi inda ya ɗauko, da hannunsa. In na mai da, in dawo in ƙarasa 'yan makonnin da suka rage a yi hutu, don kada a ce ta kore ni tsakiyar aiki. Daga hutu kuma in zauna Gusau. Za ta gaya wa ƙanenta da kanta cewa ta tsufa, ba ta iya riƙon 'yar kowa.

Ruwa ya kece muna tsaye a wurin.

Ranar da ba makaranta na haƙe shi. Saiwar ta yi 'ya'ya, dogaye kamar yatsu, tana ƙamshi kamar citta. Na miƙa wa Gwaggo na ce ta duba, ko kama da albasa bai yi ba. Ta rufe hanci da gyale ta ce in wuce da shi. Na hau mota har Tsafe, na taka zuwa 'Yankuzo, na mai da shi ƙarƙashin kanyar nan. Ƙanwar mahaifiyata ta tambaye ni me ya faru, na ce bai karɓi ƙasar can ba. A hanyar dawowa motar ta tsaya a Gusau, na hango kwanar unguwarmu, na sunkuyar da kai don kada wani ya gan ni ya kai wa Baba labari tun kafin lokaci.

Makonnin nan na yi su kamar mai jinya. Ina koyar da yara ina kallonsu ɗaya-ɗaya. Ban gaya wa babban malami ba, na kasa. A gida aka mai da awaki wurinsu, matar ɗan Gwaggo ta fara ɗan yi mini magana, har ta ce in na je Gusau in gaida mijinta. Na wanke kayana na jera a akwati, na ɗaure shi da igiya.

Ana saura kaɗan a yi hutu, na zagaya bayan ɗaki da safe in tsinko barkono. Wuyan tulun yana nan inda na bar shi, ba wanda ya yarda ya taɓa. A tsakiyarsa wani ɗan kore ya huda ƙasa, a nannaɗe, bai kai tsawon yatsa ba.

Na san abin da ya faru, saiwar tana da gautsi, wani guntu ya karye ya zauna a ƙasa. Na ɗaga ƙafa zan murje shi da diddige kafin wani ya gani.

"Kul."

Gwaggo ce tsaye a kusurwar ɗaki da buta a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta matso kaɗan, ta leƙa, ta ja da baya.

"Ya komo," in ji ta.

"Guntun saiwa ne ya rage, Gwaggo. Wallahi guntun saiwa ne."

Ba ta ko dube ni ba. Ta daɗe tana kallon ɗan tsiron, leɓenta yana motsi. Sannan ta ce in je in kwance akwatin nan.

"Ba inda za ki. Wa za ki bar ma shi?"

Baba bai taɓa jin komai ba. Da ya zo ganinmu bayan hutu, Gwaggo ta ce masa ina da hankali, ya bar mata ni ko shekara nawa ne. Ya koma yana jin daɗi. Matar ɗanta ta sauka lafiya, namiji, kuma na san abin da Gwaggo ta ɗauka ya sa. Ba a cika ba ni jaririn in riƙe ba.

Ina nan ina koyarwa. Ganyen ya bushe tun da kaka, kamar yadda yake yi kowace shekara a kurmi, babu komai a cikin wuyan tulun sai ƙasa. Na gaya mata barci yake yi har ruwa ya sauka, ta ce to, mai barci ma yana tashi da yunwa. Kowace safiya kafin in ɗauki littattafaina takan miƙo mini ludayi, ta biyo ni har kusurwar ɗaki ta tsaya. Ni nake zubawa yanzu. Nakan karkata hannu in zuba a gefe, jikin tulun, don kada saiwar ta ruɓe, ita kuma daga inda take tsaye takan ce in matsa tsakiya.